Kwalbar Malam Sabi'u

Ɗaya daga cikinku ya tare ni jiya a bakin kantin Ba'indiyen nan ya ce in sama masa aiki irin nawa, wai tunda ba wani abu ba ne illa a buɗe kwalba a zuba a kofi, cikin sanyi, da farar riga. Ban amsa masa ba saboda motarmu ta iso. Yanzu da kuke zaune ku saurara, in ya so wanda har yanzu yake so sai ya faɗa.

Sunana Ayuba, wannan kun sani. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne daga wani ƙauye nake a bayan Malumfashi, kuma Kirista ne ni, ɗan cocin da ko warin giya aka ji a bakinka sai dattawa sun zaunar da kai. Sunan nan ya sha rikita mutane a Doha. Larabawa su ji Ayuba su ɗauka Musulmi ne, su bi ni da kallo in na ɗauko kwalba. 'Yan'uwana Hausawa na nan Sana'iyya, unguwarmu ta ma'aikata, su ji Kirista, su ɗauka a buge nake kwana. Turawa kuwa ba ruwansu, in dai kofinsu bai bushe ba. Na fi shekara goma ina aikin giyar inabi, wadda a wajen aiki muke ce wa wain, amma ban taɓa haɗiye ta da gangan ba. Ɗanɗanawa ake yi a tofar.

Da wankin kofi na fara, a ɗakin cin abinci na wani otal da ke kallon teku. Wadda ke kula da kwalabe a lokacin wata mata ce 'yar Romaniya, Madam Ilena, gajeriya, ba ta dariya sai in abu ya lalace. Wata rana aka dawo da kofi daga tebur da saura a ciki, na ɗauka zan zubar, sai na ce wa na kusa da ni wannan warin jiƙaƙƙen kwali yake yi. Ashe tana bayana. Ta karɓi kofin ta shinshina, ta tambaye ni inda na koya. Na ce ban koya ba, uwata ce ta yi sana'ar burukutu kafin ta shiga coci, kuma tun ina ƙarami daga bakin ƙofa nake gane tukunyar da ta juya. Ba ta gane mene ne burukutu ba, ni ma ban gane abin da ya sa take tambaya ba. Washegari dai aka ba ni farin ƙyalle aka ce in bi ta.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai mabuɗi, wata 'yar wuƙa mai naɗewa da murɗaɗɗen ƙarfe a cikinta. Akwai farin ƙyalle a hannun hagu, da bokitin ƙanƙara, da kofuna masu dogon wuya waɗanda ba a riƙe su ta ciki sai ta ƙafa, don kada ɗumin hannu ya shiga abin sha. Na yi watanni ina goge kofunan nan a kan tururin ruwan zafi kafin ta bari na taɓa kwalba a gaban baƙo. Ranar da na fara, toshiyar ta karye a wuyan kwalbar, rabi a hannuna rabi a ciki. Baƙon yana kallona, matarsa tana kallon silin. Madam ta zo ta zare sauran a hankali kamar mai cire ƙaya, sannan muka koma ciki. Can ta ajiye mini tsofaffin kwalabe ta ce in yi ta sa toshiya ina cirewa har hannuna ya saba. Mai kumfa kuma, wadda kuke gani a talabijin ana buɗewa da ƙara tana feshi, a wajenmu abin kunya ne a ji ƙararta. Kwalbar ake murɗawa, ba toshiyar ba, ta fita da ɗan huci kawai.

Amma ba hannu ne ya wahalar da ni ba, magana ce. Madam za ta miƙo mini kofi ta ce wannan busasshiya ce. In duba, ruwa ne. Na daɗe kafin na gane nufinta babu zaƙi. Ta ce wannan tana da jiki, waccan tana da ƙafafu, wata kuma a rufe take sai ta sha iska. Sannan ta lissafo 'ya'yan itatuwan ƙasarsu da ban taɓa gani ba, ta ce in nemo ƙamshinsu a cikin kofin. Da na ga zan haukace sai na koma ga abin da na sani. Wadda ta ce mini tana ƙamshin wani baƙin ɗan itace, ni ɗinya na ji. Wata tsamiya, wata kanya da ta nuna sosai, wata ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. A kaina ina ajiye su da sunayen gida, a baki ina faɗa wa baƙi sunayen Madam. Har yau in na ce wa Bature wannan tana da ƙamshin abu kaza, ban san ko abu ɗaya muke nufi ba. Yana gyaɗa kai, ina gyaɗa kai.

Lokacin zafi shi ne jarrabawar mai wannan aiki. Kun san zafin garin nan, wanda in ka fito daga mota gilashin idonka ke rufewa da gumi. Kwalba ba ta jure shi. An taɓa kawo mana kaya da tsakar rana, direban ya tsaya jiran takarda a bakin ƙofa, kafin a shigo da su ɗakin sanyi toshiyoyi sun fara turowa waje, jan ruwa yana bin wuyan kwalabe. Da muka buɗe ɗaya sai ɗanɗanon dafaffen zabibi. Duka aka mayar. Tun ranar nake tsayawa da kaina in an zo sauke kaya. A watannin nan baƙi ba sa son mai nauyi. Fara suke nema, ko mai launin ruwan hoda, ko mai kumfa, da kifi ko ganye. Bokitin ba ƙanƙara zalla ake cika shi da ita ba, sai an haɗa da ruwa, in ana sauri a watsa gishiri. Kofi kuma kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don in ka cika shi kafin a kai rabi ya yi ɗumi. Ja ma, da littafi ya ce a sha ta a ɗumin ɗaki, Madam ta ce ɗakin ƙasarsu ake nufi, ba na Doha ba, don haka mukan ɗan tsoma ta a bokiti. Duk da haka na ga mutumin da ya sayi jar da ta fi kowacce tsada a gidan ya ce in zuba masa ƙanƙara a ciki. Na waiwaya na dubi Madam. Ta ce, "Zuba masa. Bakinsa ne."

Sai maganar kyauta, wadda ta fi komai wuya. A ƙasar nan ba a ɗaukar kwalba a jaka a kai wa mutum gida kamar turare, doka ba ta yarda ba. Wanda yake son yi wa wani irin wannan kyauta sai ya zo wajenmu ya ce wane zai ci abinci ranar kaza, a kai masa kwalba tebur da sunana. To kai ne za ka zaɓa, ga mutumin da wataƙila ba ka taɓa gani ba. In ka kai mai arha ka kunyata mai kyauta, in ka kai mai tsadar gaske ka ɗora wa wanda aka ba nauyi. Nakan tambayi abin da mutumin ke ci, da wanda zai zo tare da shi, da abin da ya yi har ake gode masa. Na ɗauka na iya tambaya. Ku ji yadda ta kasance.

Shekarar annoba aka rufe ɗakin cin abincinmu, aka mayar da mu masu ajiye abinci a ƙofar ɗakunan waɗanda aka killace. A nan na kwashi ciwon. Zazzaɓin bai daɗe ba, amma da na tashi sai na tarar hancina ya mutu. In shinshina sabulu, babu. In shinshina albasa, babu. Mai irin aikina in ya rasa hanci ya rasa komai, kuma ban faɗa wa kowa a otal ba. Wanda ya sani shi ne Malam Sabi'u, mutumin Haɗejiya, mai gadi a wani kamfanin gini, wanda ɗakinsu ke kallon namu a wancan tsohon gidan ma'aikata. Shi ke jan salla a ɗan masallacin gidan, saboda ya fi kowa karatu. Lokacin da kowa ke gudun ƙofata, shi ke rataye mini abinci a jikin marfi. Da ya ji maganar hanci sai ya riƙa ɗauro mini citta da kanumfari da masoro a leda, ya tsaya daga nesa ya ce, "Shinshina, Ayuba. Me ka ji?" In ce ban ji komai ba. Ya ce, "Gobe ma rana ce." Da hancin ya fara dawowa, a karkace ya dawo, komai warin ƙonanniyar taya. Haka na koma aiki ina zaɓa wa mutane kwalba da abin da na tuna, ina kallon fuskarsu in ga ko na yi daidai. Sai da aka kusa shekara kafin ɗinya ta koma ɗinya.

Zafin da ya biyo baya, wata ranar Laraba da yamma, Malam Sabi'u ya same ni ina shanya kaya. Ya ce yana da buƙata. Shugabansu a wurin gini, wani Bature mai suna Mista Kolin, ya yi masa abin da ba zai manta ba. Lokacin da aka bugo waya cewa mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah, Baturen nan ne ya bi ofis-ofis da ƙafarsa har aka sa hannu a takardar hutunsa, ya isa Haɗejiya ya tarar da tsohon da sauran numfashi, suka yi sallama. Yanzu ya ji direban Baturen na cewa ranar Juma'a zai kai matarsa cin abincin rana a otal ɗinmu, murnar zagayowar ranar aurensu.

Ya ce, "So nake ka kai masa wain da sunana."

Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Na ce, "Wain, Malam?"

"Wain. Mai kumfar nan, mai zinariya a wuya. Amma ba irin na kantunan gida ba, na gaske, wanda kuke ba manyan baƙi."

Na ce, "Kuma ba matsala a wajenka?"

Ya ce, "Wace matsala? Ai kyauta ce. Mutum ya yi maka alheri."

Na shiga juya abin. Liman ne, ni kuwa ban san dokokin addininsa ba sai abin da nake ji a bakin mutane. Na ce a raina wataƙila akwai wani sassauci in wanda za a ba ba Musulmi ba ne, kuma wa ya aike ni in koya wa malami karatunsa? Wani abu kuma, tsawon zamanmu bai taɓa kiran sunan abin da nake zubawa a wajen aiki ba, don kada ya kunyata ni, ni ma ban taɓa kira a gabansa ba. Kalmar giya ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ranar ma ba ta shiga ba. Na dai ƙara tambaya ɗaya, na ce mai zaƙi yake so ko marar zaƙi. Ya ce, "Kai ne masani. Wanda zai sa ya san na gode."

Na zaɓa da zuciya ɗaya. Na san Mista Kolin sama-sama, yakan zo, kifi yake ci, ba ya son zaƙi. Na ɗauko wata mai kumfa ta ƙasar Sifen, ba mai tsadar da za ta karya mai gadi ba, ba kuma wadda za a raina ba, mai ɗan ɗanɗanon lemon tsami da gasasshen burodi, daidai da rana mai zafi. Madam da ta ji labarin ta yi ragi irin na ma'aikata. Ranar Juma'a na sanyaya ta yadda ya kamata, na kai tebur, na nuna masa, na ce daga Sabi'u ne mai gadin ƙofa, yana godiya kan maganar mahaifinsa.

Baturen ya ce, "Sabi'u? Wanda ke jan su salla?"

Na ce shi.

Ya dubi matarsa, ya dubi kwalbar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai taɓa samun kyautar da ta ba shi mamaki irin wannan ba. Ya sa na ɗauke su hoto, shi da matar, kofuna a sama, kwalbar a tsakiya tana kallon waya. Na koma ciki ina jin na yi aikin da ya fi kowanne kyau a shekarar. Ban san cewa kafin su gama cin kifin ya tura hoton a zauren wayar ma'aikatan kamfaninsu ba, da dogon rubutun godiya ga Sabi'u.

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Malam Sabi'u ne, waya a hannu, ya buɗe hoton ya ja shi har rubutun jikin kwalbar ya cika fuskar wayar. Ya nuna wata 'yar lamba a ƙasa.

"Ayuba, wannan lambar ta mece ce?"

Na ce ƙarfin abin ne.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Giya ce?"

Na ce, "Malam, ai wain ka ce."

"Wain na ce. Ban ce giya ba. Wain irin wanda ake rabawa a biki, na ruwan inabi, wanda har yara ke sha. Na ce maka mai kyau, na Turai, ba na kanti ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na san wannan wain ɗin mana, na sha shi a bikin ƙanena. Amma na shekara goma ina kiran wani abu dabam da sunan, har na manta a gida sunan na wani ne. Na ce masa ai na tambaye shi ko ba matsala. Ya ce ya ɗauka maganar kuɗi nake yi. Muka tsaya a bakin ƙofa, kowa na maimaita abin da ya faɗa ranar Laraba, kuma duk abin da kowa ya faɗa daidai ne.

Kafin azahar maganar ta zaga gidan. Wasu sun ce liman ya saya wa Bature giya don neman ƙarin girma. Wasu sun ce ni na shirya masa tarko. Da yamma aka shimfiɗa tabarmi a gaban masallaci, aka kira ni, na tsaya daga gefe. Babba a gidan shi ne Baba Idi, direban bas, mutumin zangon Kumasi, wanda ya fi kowa daɗewa a Doha. Ya sa na yi bayani, na yi. Wani saurayi ya miƙe ya ce ƙarya nake, ya za a yi mai sayar da abu ya kasa gane abin da aka ce ya kawo. Malam Sabi'u ya ce masa, "Zauna. Na san Ayuba. Bai yi da gangan ba." Sannan ya ce amma shi daga yau ba zai ƙara shiga gaba ya ja salla ba, tunda kuɗinsa ne ya sayi abin, kuma akwai masu bin sa salla da shakka a ransu.

Na ce in dai kuɗi ne, zan mayar masa da abinsa, ya zama ni na saya. Na ɗauka na warware matsalar. Baba Idi ya shafa gemu ya ce, "To in kai ka saya, kyautar ta wa ke nan? Baturen ya gode wa Sabi'u a kan abin da Sabi'u bai ba shi ba. Sabi'u kuma har yanzu bai gode wa Baturen ba." Wani ya ce niyya ake dubawa, niyyarsa ruwan inabi ce. Wani ya ce niyya ba ta canza abin da ya shiga cikin Bature. Wani ya tambaye ni ko cocinmu ya yarda in saya wa mutum giya, na ce bai yarda ba. Ya ce to ashe yanzu laifin ya tashi daga kan wanda addininsa ya hana ya koma kan wanda addininsa ya hana. Aka tashi ba a tsayar da komai ba. Na mayar da kuɗin, ya karɓa. Wani yaro Bazazzagi ya fara jan salla, yana yi yana tuntuɓe a karatu, Malam Sabi'u yana sahun baya yana gyara masa a hankali. Muna gaisawa da shi kamar da, sai dai gaisuwar ba ta wuce gaisuwa.

Da Mista Kolin ya sake zuwa otal ya tambaye ni abin da ya sa Sabi'u ke sunkuyar da kai in ya gan shi a ƙofa. Na faɗa masa. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce me zai yi? Na ce kada ya yi komai, ya bari ƙura ta lafa. Ya tambaye ni wane irin abu ne Sabi'un ya so a kawo tun farko, na kwatanta masa, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar da ta biyo baya, gab da la'asar, mutane sun fara taruwa suna alwala, sai ga farar mota ta shigo gidan ma'aikata, inda ba a saba ganin irinta ba. Mista Kolin ya fito da gajeren wando, ya buɗe bayan mota, ya rungumo kwali, ya nufi ƙofar masallaci ya dire. Kwalabe ne reras, koraye, kowacce da zinariya a wuya. In ba ka karanta ba, ba abin da ya raba su da wadda ke cikin hoton. Wani da ke wanke ƙafa ya tsaya da buta a sama.

Aka aika a kira ni. Baturen yana ta bayani da Turanci cewa kuskurensa ne, Sabi'u mutumin kirki ne, wannan kuwa babu komai a cikinta, ya kawo ne kowa ya sha. Waɗanda suka ji Turancin ba su yarda ba, waɗanda ba su ji ba sun ga dai Bature ya kawo wa liman kwalin kwalabe har masallaci. Wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Baba Idi ya ce, "Sauke wannan abin. Shi ya kawo mu nan."

Malam Sabi'u ya ɗauki ɗaya ya karanta takardar Larabcin da aka manna a bayanta, ya ce an rubuta ruwan inabi ne, babu maye. Saurayin nan na ranar ya ce takarda ai kowa na iya mannawa. Baba Idi ya ce in buɗe in duba, tunda aikina ne. Na taɓa kwalbar na ji ta kamar an ciro ta daga tukunya, ta sha rana a bayan mota. Na ce a bari ta huce, mai kumfa in ta yi zafi ba ta da ta ido. Aka ce a'a, yanzu. Na warware wayar wuyanta, ban ma kai ga murɗawa ba toshiyar ta ƙwace ta daki kwanon rufin ƙofar masallaci, kumfa ta yi tsiri ta wanke Baba Idi tun daga hula har gaban riga.

Ba wanda ya yi dariya. Na zuba abin da ya rage a kofin roba, na shinshina, na kurɓa, na haɗiye. Na ce ruwan inabi ne da sukari da iska, ba komai.

Baba Idi yana share fuska ya ce, "Kai ka sha, ɗana, ba hujja ba ce."

Sai Malam Sabi'u ya miƙo hannu. Na ba shi kofin. Ya duba cikinsa, ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya yi bisimilla ya shanye. Ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Duk wannan abin a kan wannan ne? Ai zoɓo ya fi shi." Ya juya ga Baturen ya ce masa da Turancinsa na bakin ƙofa ya gode, kan mahaifinsa, da kan wannan.

Lokacin salla ya yi, aka yi kira, mutane suka shiga suna waiwayen kwalin. Baba Idi ya tsaya a bakin ƙofa yana jan rigarsa da ta manne masa a ƙirji. Ya ce, "To ni yanzu wannan rigar, za a yi salla da ita ko sai na canza?" Kowa ya juya ya dubi Malam Sabi'u.

Ya ce, "Ruwan inabi ne, Baba, ba najasa ba ne. Yi sallarka."

Baba Idi ya ce, "To tunda maganarka za mu bi, shige gaba."

Malam Sabi'u ya cire takalmi ya wuce gaba. Na ga mutum biyu sun zame sun koma ɗakinsu, sauran suka daidaita sahu.

Aka bar ni da Mista Kolin a waje, rana na dukanmu, ƙudaje sun fara taruwa inda kumfar ta zuba. Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ayuba, na gyara ne ko na ƙara ɓatawa?"

Na ce, "Ban sani ba, Oga. Kama can, mu dai matsar da kwalin nan inuwa kafin sauran su fashe."